Yadda za ka gane ko ɗalibin malanta ya fahimci Scratch ko haddacewa ya yi

Shekarar farko da aka ɗora min darasin kwamfuta na ɗaliban sashen ilimin firamare a kwalejinmu, abin da na tarar ana yi shi na yi. Na koyar da Scratch, manhajar da yara ke jera tubalan umarni a allon kwamfuta don motsa hoton kyanwa, na 'yan makonni, sannan na ce kowa ya haɗa wasa ko labari ya kawo min a filash kafin jarrabawa. Wani ɗalibi ya kawo wasan tseren mota mai matakai uku, da kiɗa, ga maki yana hawa a gefen allo. Na ba shi makin da ya fi na kowa, har na haska aikin a majigi don sauran su gani. Bayan wasu watanni aka tura ni zagayen duba ɗalibanmu a wuraren koyarwar gwaji, na same shi a wata makaranta mai kwamfutoci shida. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kyanwata ta ƙi juyawa." Ya zo ya tsaya a kanta, ya dubi allon na ɗan lokaci, sai ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannunta, ya share duk abin da ta jera, ya sake jera nasa wanda ya haddace. Kyanwa ta juya. Yarinyar kuwa ta naɗe hannu ta zuba wa allon ido, ba ta ƙara taɓa komai ba har aka tashi. Tubali ɗaya tak ta ajiye a inda ba muhallinsa ba, ina tsaye a bayansu ina kallonsa.

Abin ya tsaya min a rai, domin ni ce na sa hannu a kan makin da ya ce wannan malamin ya ƙware. Tun daga lokacin na sauya yadda nake auna ɗalibaina, kuma shi nake so in shimfiɗa wa abokan aiki da ke koyar da wannan darasi a kwalejojin ilimi, musamman inda kwamfutocin ba su kai rabin ɗalibai ba, wuta kuma sai an tayar da janareta.

Ga wanda bai saba da ita ba, Scratch manhaja ce kyauta da rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT da ke Amurka suka fitar a 2007, sigarta ta uku kuma, wadda muke aiki da ita, ta fito a Janairun 2019. Ba a buga umarni da kibod. Tubala ne masu launi ake janyowa a harhaɗa su kamar ginin bulo: shuɗi na motsi, rawaya na abin da ke tayar da umarni, ruwan lemo na maimaitawa da sharaɗi, kore na lissafi. Ana danna koriyar tuta, sai kyanwar da ke kan dandali ta aikata abin da aka jera mata. Ana iya sauke manhajar a kwamfuta a yi aiki ba tare da intanet ba, wanda shi ya sa ta dace da mu.

Abin da muke son aunawa kuwa, ni "tunanin tsara mafita" nake ce masa a aji: mutum ya iya farfasa matsala gida-gida, ya hango abin da ke maimaituwa a cikinta, ya ture abin da ba shi da amfani, sannan ya jera matakai dalla-dalla yadda ko na'ura za ta bi ba tare da ta tambaye shi me yake nufi ba. Masani Seymour Papert ya yi maganar wannan tunani tun 1980, amma maƙalar da Jeannette Wing ta wallafa a 2006 ce ta sa duniya ta waiwayo, har Ingila ta shigar da shi manhajar karatun yara tun daga shekara biyar a 2014. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa kalmar algoridim kanta daga sunan Alkhawarizmi ta fito, malamin lissafin nan na Bagadaza a ƙarni na 9, wanda wani babban ɓangare na littafinsa na aljabara kan rabon gado da wasiyya ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya ga malami yana fitar da rabon gado, "idan akwai ɗa, mata tana da sumuni, idan babu, tana da rubu'i", ya riga ya ga sharaɗi yana aiki kafin ya taɓa ganin kwamfuta.

Amma ɗalibin malanta ba injiniyan manhaja za a yaye ba. Ranar da ya karɓi takardar NCE ya shiga aji, yawancin aikinsa karanta tubalan wani ne, tubalan yaro ɗan shekara goma da ya jera su a karkace, ya gano me yaron yake nufi, ya ga inda tunaninsa ya kauce, ya yi masa tambayar da za ta dawo da shi hanya. Wannan shi ya kamata jarrabawarmu ta auna, kuma wasan da aka kawo a filash ba ya nuna ko ɗaya daga ciki.

Ka fara raba ƙwarewar hannu da ƙwarewar tunani

A kowane aji ina samun waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, duk da cewa a wayarsu ba abin da ba su iya ba. Idan ka ɗora maki a makon farko, saurin hannu da jin Turanci za ka auna, ka yi zaton tunani ne. Don haka makonni biyun farko ba na rubuta wa kowa maki. A janyo tubali, a saki, a goge, a adana fayil, a sake buɗe shi. A cikin makonnin nan nake ba da ɗan aiki a takarda don in san daga inda kowa ya taso: na zana gidaje biyar-biyar kamar na dara, na sa mutum a wannan kusurwa, rijiya a waccan, da ƙaya a wasu gidajen, na ce a rubuta umarnin da zai kai shi rijiya da kalmomi uku kacal, "taka", "juya dama", "juya hagu". Sannan na ce a taƙaita umarnin. Wanda ya rubuta "taka sau huɗu" maimakon taka, taka, taka, taka, ya riga ya kama maimaitawa. Irin waɗannan tambayoyi na tunani zalla, akwai su da yawa a gasar Bebras da Valentina Dagienė ta assasa a Lituwaniya a 2004, kuma ba wuya a mayar da su cikin kayan gida.

Kuma duk inda bayani ake so, ina barin ɗalibi ya yi da Hausa idan ya fi masa sauƙi. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta taɓa bayyana min tubalin maimaitawa da kitso: "Malama, ai kamar shuku ne, hannu ɗaya kike yi, sai dai ki yi ta maimaita shi har ki kai ƙeya." Ban ga abin da zan rage mata ba a wannan amsa.

Hasashe kafin a danna tuta

Jarrabawa ta farko mai maki a takarda nake yin ta, ba ta buƙatar wuta. Ina buga hoton wasu gajerun jerin tubala, tambayar kuma ɗaya ce: idan aka danna koriyar tuta, me zai faru? A zana ko a rubuta. Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila sun gina wata hanyar koyarwa mai suna PRIMM a kan wannan tushe, inda yaro ke fara hasashe kafin ya kunna, ya bincika, ya sauya, sai daga ƙarshe ya ƙirƙiri nasa. Na ga hasashen nan ya fi komai saurin tona abin da ke cikin kan mutum.

Wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce tambayar alwatika. Kowa ya san murabba'i: a sauke alƙalamin da kyanwa ke zana layi da shi idan ta taka, a maimaita sau 4, taku 100, juyi digiri 90. Sai in ba su wannan: a maimaita sau 3, taku 100, juyi digiri 60. Mafi yawa alwatika suke zanawa, domin an koya musu tun sakandare cewa kowace kusurwar alwatika mai daidaitattun ɓangarori digiri 60 ce. Amma kyanwar ba kusurwar ciki take juyawa ba, ta waje take juyawa. Abin da zai fito layi uku ne a buɗe, kamar rabin ƙwarya, wato rabin siffa mai kusurwa shida. Alwatika sai da juyin digiri 120, domin dole jimillar juye-juyen ta cika 360 kafin kyanwa ta dawo tana fuskantar inda ta fara. Idan na dawo da takardun, nakan fitar da mutum ɗaya tsakar aji, in zana alwatika da alli a ƙasa, in ce ya taka a kan layin. Da ya iso kusurwa jikinsa ke gaya masa cewa juyin ya fi wanda ya zata. A jarrabawar gaba sai in tambayi siffa mai kusurwa biyar. Wanda ya fahimta zai raba 360 gida biyar ya samu 72, wanda ya haddace 120 zai tsaya yana cizon biro.

Ta biyu bin sawu ce. A Scratch akwai abin da nake kira akwati, wurin da ake ajiye lamba a ba shi suna, ana iya canza abin da ke ciki. Akwati biyu, "jimla" a kan 0, "lamba" a kan 1. A maimaita sau 4: a ƙara lamba a kan jimla, sannan a ƙara wa lamba 1. Nawa kyanwa za ta faɗa a matsayin jimla a ƙarshe? Amsa 10 ce. Sai in juya tubala biyun da ke ciki, na ƙasa ya koma sama, in sake tambaya. Yanzu 14 ce, domin daga 2 aka fara tarawa zuwa 5. A nan ina ba da rabin makin ga jadawalin da ɗalibi ya zana yana bin akwatunan zagaye bayan zagaye, ko da ya yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe. Malamin da ya iya zana wannan jadawali zai iya zama kusa da yaro su bi tare.

Tambaya takwas zuwa goma sun isa, a minti talatin.

Daga nan sai ambulan. Ina buga jerin tubala daidai, in yanka shi da almakashi tubali-tubali, in zuba a ambulan tare da tubala biyu da ba a buƙata, in ce a jera a kan tebur a manna da gam. Dale Parsons da Patricia Haden na Niyu Zilan ne suka fito da wannan salo a 2006. Wanda na fi so shi ne na gaisuwa: 'yan wasa biyu, ɗaya ya ce "Ina kwana?", ɗayan ya amsa "Lafiya lau", na farko ya ce "Ina gajiya?" Idan aka ɗora kowanne a ƙarƙashin koriyar tuta ba tsari, tare za su yi magana, domin Scratch tana tafiyar da jerin biyun a lokaci guda. Akwai mafita biyu a cikin ambulan. Ko a sa na biyun ya jira daƙiƙa biyu, ko a yi amfani da tubalin da nake kira shela, inda na farko zai aika saƙo idan ya gama, na biyun kuma ba zai buɗe baki ba sai ya ji shelar. Duka suna aiki, amma sai in tambaya: idan aka tsawaita gaisuwar farko fa? Mai jira sai ya bi duk daƙiƙoƙin ya gyara, mai shela ba abin da zai taɓa. Wanda ya iya faɗin wannan bambanci shi ke cinye makin.

Gyaran kuskure, inda na fi zuba maki

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A wannan mataki ne nake shigar da su ɗakin kwamfuta rukuni-rukuni, kowa da tasa na'urar, minti ashirin. A kan kowace akwai wasa guda da na ɓata da gangan: mangwaro na faɗowa daga sama, ɗan wasa yana tare shi da kwando ta hanyar danna kibiyar dama da ta hagu. Ina gaya musu abin da ya kamata wasan ya yi, in ce akwai kurakurai uku, ban faɗi inda suke ba.

Na farko, tubalin da ke cewa "idan mangwaro ya taɓa kwando a ƙara maki 1" na ajiye shi shi kaɗai a ƙarƙashin tuta, a wajen tubalin "har abada". Kwamfuta za ta duba sau ɗaya, a daidai lokacin da aka danna tuta, ta ga mangwaro na can sama, shi ke nan ta wuce. Duk tarar da aka yi maki ba zai motsa ba. Wannan shi ne kuskuren da yara suka fi yi, domin a tunaninsu "idan" yana nufin "duk lokacin da", kamar yadda uwa ke cewa "idan an yi sallama ka amsa". Malamin da bai gane tushen wannan ruɗani ba, zai yi ta gyara wa yara suna komawa.

Na biyu ba ya bayyana sai an gyara na farko, kuma da gangan na yi hakan. Da zarar sharaɗin ya shiga cikin "har abada", taɓawa ɗaya sai maki ya yi tsalle ya wuce goma, domin Scratch tana zagaya irin wannan jeri kimanin sau talatin a daƙiƙa, muddin mangwaro na cikin kwando kuwa ƙari ake yi. Dole a mayar da mangwaron sama nan take bayan an ƙara makin. A nan nake ganin fuskoki iri-iri. Wasu suna firgita su warware gyaransu na farko, suna zaton su suka ɓata. Wasu kuma su tsaya su ce a'a, wancan ya gyaru, wannan wata sabuwa ce.

Na uku shi ne akwatin maki da ba a mayar da shi sifiri a farkon wasa, sai wasa na biyu ya ɗora daga inda na farko ya tsaya. Wanda bai kunna wasan sau biyu ba, ba zai taɓa ganinsa ba, kuma wannan kansa ma'auni ne na ko mutum yana gwada aikinsa.

Wani lokaci ina musanya ɗaya da matsalar makin cin jarrabawa. Shirin yana cewa idan maki ya fi 40 a ce "ka ci", in ba haka ba a ce "ka faɗi", alhali dokar ita ce 40 zuwa sama ci ne. Yaron da ya samu 40 cif an kayar da shi. Scratch tana da alamar "ya fi", da "bai kai ba", da "daidai da", amma ba ta da tubali guda na "ya fi ko daidai da", sai mutum ya haɗa biyu da "ko", ko ya juya maganar ya ce "ba ƙasa da 40 ba". Malamai suna kama wannan da zafi, domin kowa ya san zafin a kayar da shi da maki ɗaya.

Yadda nake ba da makin shi ne muhimmin abin. Ba na zama a tebur in jira sakamako. Ina zagayawa da takarda mai sunayensu, ina lura da abu huɗu: ya kunna wasan ya kalla kafin ya taɓa komai? Ya iya faɗin abin da yake zargi kafin ya canza? Abu ɗaya yake canzawa ya gwada, ko biyar a lokaci guda? Da ya gama, ya sake gwadawa daga farko? Kowane ɗalibi kuma yana da 'yar takarda da zai cike da layi uku ga kowane kuskure: abin da na gani, abin da na zarga, abin da na canza. Wanda ya gano kuskure biyu a tsanake ya rubuta dalili, ina fifita shi a kan wanda ya yi ta jan tubala barkatai har Allah ya sa ukun suka gyaru. Wanda kuma ya share komai ya sake ginawa daga farko, ko da wasan ya yi aiki sumul, ba ya samun komai a wannan sashe, kuma ina sanar da su haka tun kafin a shiga. Dalilin yana tsaye a idona, 'yar aji biyar ɗin nan da hannunta a naɗe.

Idan kwamfutoci sun yi kaɗan har dole a zauna biyu-biyu, to ka sa agogo, kowane minti biyar a yi musayar mai riƙe linzami. In ba haka ba, wanda ya fi baki shi zai riƙe har a tashi, kuma na sha ganin ɗalibai mata masu kaifin basira sun koma 'yan kallo a irin wannan zama.

Aikin kai da hirar minti biyar

Ban daina ba da aikin ƙirƙira ba, na dai ƙanƙanta shi na ɗaure shi da aji: ka haɗa abin da za ka koyar da wani darasi na firamare da shi, jadawalin sau, ko sassan jikin tsiro, ko jerin watanni. An yarda ka ɗauko daga aikin wani, domin Scratch kanta a kan ɗauka da sauyawa aka gina ta, amma ka faɗi abin da ka aro da abin da ka ƙara.

Akwai wata manhaja a intanet mai suna Dr. Scratch, wadda Jesús Moreno-León da Gregorio Robles suka samar a Sifaniya. Ana ɗora mata fayil ta duba fannoni bakwai, a tsarinta na asali kowanne daga 0 zuwa 3, jimilla 21, ta kuma nuna tubalan da ba sa aiki da jerin da aka kwafa sau biyu. Tana rage wahala idan aji ya yi yawa, ina kuma amfani da ita don in san inda zan sa ido. Amma ba na mayar da lambarta maki. Tubalan da ke cikin fayil take ƙirgawa, ba ta san wanda ya jera su ba, ba ta san ko ya gane su ba. Sannan labari mai kyau da ba ya buƙatar sharaɗi ko akwati zai samu ƙasa da wasan da aka cusa wa tubala ba dalili. Karen Brennan da Resnick ma, a tsarin da suka gabatar a 2012 na auna wannan tunani, sun nuna cewa duba aiki kaɗai yana iya sa a ɗauka yaro ya san abin da bai sani ba, shi ya sa suka haɗa da hira a kan aikin da kuma ba da matsala a warware a gaban mai aunawa.

Hirar tawa minti biyar ce, aikin yana buɗe a gabanmu. Ina nuna jeri ɗaya in ce, "Karanta min wannan da bakinka, kamar kana yi wa yaro bayani." Sai in ɗora yatsa a kan tubali guda in ce, "Idan na cire wannan me zai faru?" Ya faɗa, mu cire, mu gani. Sannan in nemi ƙaramin sauyi nan take: tambayoyin su zama goma maimakon biyar, ko a rage maki idan an yi kuskure. Tambayar ƙarshe ita ce, "Ina ne ya fi ba ka wahala, yaya ka fita?" Wanda ya yi aikin da hannunsa yana da labari, har da ranar da abin ya ƙi. Wanda aka yi wa a shagon kwamfuta na bakin kwaleji sai ya ce ba inda ya ba shi wahala. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ba sai na tuhumi kowa ba, tambaya ta biyu ke bayyana komai. Mutum sittin a minti biyar-biyar awa biyar ke nan. Ina raba su a makonni uku, ina kiran su ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran ke aikinsu.

Sashe na ƙarshe ni ce nake zama yaro. Ina zama a gaban kwamfuta da jerin tubala mai kuskure ɗaya, in ce, "Malam, ya ƙi yi." Dokoki biyu ne: ba zai taɓa linzami ba, ba kuma zai faɗi amsar kai tsaye ba sai an kai minti uku. Ina sauraron irin tambayar da zai yi. "Me kike so kyanwar ta yi? To me ta yi? Karanta min daga sama. Tsaya nan, sau nawa za ta duba wannan?" Wannan malami ne. Wasu da suka yi fice a takarda a nan suke kakarewa, hannunsu har rawa yake don son karɓe linzamin, wasu kuma masu matsakaicin maki sai ka ga haƙuri da iya tambaya kamar an haife su da shi. Idan ajin ya yi yawa, ana iya yi uku-uku: ɗaya yaro, ɗaya malami, ɗaya mai lura da takarda, ni kuma ina zagayawa.

Rabon makina cikin 100 shi ne: hasashe da bin sawu 20, ambulan 10, gyaran kuskure 30, aikin kai da hira 25, koyarwa 15. A cikin 25 ɗin nan, 15 na hirar ne, kyan zane da kiɗa kuwa ba su wuce 2 ba. Kana iya motsa lambobin daidai da dokar gwajin zango ta kwalejinku, amma ka bar gyaran kuskure a sama, ka kuma raba wa ɗalibai takardar rabon makin tun makon farko, su san a kan me za a auna su. Talatin na farko ba sa buƙatar wuta ko kaɗan, sashen koyarwa ma ana iya yin sa da hoton tubala a takarda ranar da man janareta ya ƙare.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: ka sayi littafin rubutu mai kauri ka ajiye a ɗakin kwamfuta. Duk kuskuren da ka ga ɗalibi ya yi, ka rubuta shi da yadda ya bayyana dalilinsa da bakinsa, ba tare da sunansa ba. Ka kuma ce wa masu tafiya koyarwar gwaji su dawo maka da kuskure uku-uku da suka gani a wajen yara, idan makarantar tana da kwamfuta. Daga littafin nan nake ɗauko tambayoyin kowace shekara, shi ya sa ba na damuwa idan takardar bara ta zagaya hannun 'yan sabon aji. Na baya-bayan nan da na rubuta wani yaro ne da ya sa kyanwa ta yi taku 10 sannan ta yi taku 10 da baya a cikin "har abada", ya ce kwamfutar ta lalace domin kyanwa ba ta motsi. Ɗalibar da ta kawo min shi ta ce ta tambaye shi ko zai sa tubalin jira na rabin daƙiƙa bayan kowane taku, ya sa, kyanwa ta fara kai da komo a gabansa. Shi ne tambaya ta huɗu a takardar hasashe ta bana.